Yadda ake warware sel ɗaya-ɗaya daga saifa da kaluluwa da inzayim a lab

Wannan aikin na yi shi ya fi a ƙirga, yawanci da saifar ɓera da kaluluwarsa, wani lokacin kuma da tonsil na mutum da aka cire a tiyata. Abin da ake so shi ne ka ɗauki tsokar da take a dunƙule ka mayar da ita ruwa mai ɗauke da sel a warware, kowanne shi kaɗai, kuma da ransa, domin ka kai su injin fulo-saitometiri, mai tantance sel ɗaya-ɗaya ta alamomin jikinsu, ko ka raine su a faranti ko ka daskarar da su don gaba.

Tun kafin ka ɓata kuɗin inzayim ka tambayi kanka wane sel kake nema. In limfosayit ne kawai, wato sel ɗin T da B, to ba ka ma buƙatar inzayim, murje saifar kawai a kan rariya ya ishe ka, don su a sake suke zaune a ciki kamar gero a buhu. Amma sel ɗin dendiritik da makurofaj da waɗanda suke gina jikin kaluluwar kanta a liƙe suke da zaren kolajin, in ka murje kawai sai su tsaya a saman rariya cikin tarkace ka zubar da su ba ka sani ba. Sel ɗin dendiritik ɗin nan ma ai a saifar ɓera Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka fara bayyana shi a 1973 a jami'ar Rockefeller da ke New York, kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikin saifa, saboda haka wanda ka rasa a rariya ba ƙaramar asara ba ce. Don su ake sa inzayim.

Kayan da za ka tanada

Inzayim biyu ne. Na farko kolajenes, wanda ake samu daga bakteriyar Clostridium histolyticum, shi ne mai yanka kolajin. Ni kolajenes D nake amfani da shi, in babu sai nau'i na 4, dukkansu ba su cika cinye alamomin da ke bayan sel ba. Na biyu DNase I, aikinsa narkar da DNA ɗin da matattun sel suke zubarwa, wanda in ka bar shi sai ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa ya kama lafiyayyun sel ya dunƙule su.

Sai ruwan rainon sel RPMI 1640 da siram na ɗan tayin saniya wato FBS, da ruwan gishiri na PBS, da EDTA mai ƙarfin 0.5 M, da ruwan fasa jan jini da ake kira ACK, da tiripan bulu 0.4%, da etanol 70%. Kayan hannu kuwa ƙaramin almakashi mai tsini, hantsaki guda biyu masu lanƙwasasshen baki, sirinji na ml 1 da siririyar allura, sirinji na ml 5 wanda abin turawarsa kawai za mu yi amfani da shi, rariyar sel mai ramin maikuron 70, faranti na fetiri ko faranti mai rami 6, bututun ml 15 da na ml 50, fifet da bakunansa. Manyan kaya su ne santirifuj, inkubeta ko bahon ruwan ɗumi mai tsayawa a digiri 37 na Salshiyas, maikuroskop da himosaitomita, wato gilashin ƙirga sel. Sai ƙanƙara, da yawa, fiye da yadda kake zato, musamman in lokacin zafi ne don kafin ka gama fiɗa rabinta ya zama ruwa.

Safar hannu da rigar lab ba sai an faɗa ba. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a kuwa dole ta kasance a hannu kafin ka taɓa dabba ko naman mutum.

1. Haɗa ruwaye tun kafin ka taɓa dabbar

Wannan shi ne matakin da sababbi suke rainawa, sai an fito da saifa tana bushewa a faranti sannan ka ga mutum yana neman ma'auni. Ka haɗa komai tukuna.

Ruwan narkarwa: RPMI da kolajenes mg 1 a kowace ml, da DNase mg 0.1 a kowace ml. In kana da su a ajiye kowanne a ƙarfin mg 10 a ml, to don haɗa ml 5 sai ka ɗebi maikurolita 500 na kolajenes, da 50 na DNase, ka cika da RPMI ml 4.45. Wannan ya ishi saifa biyu a wadace. Ana iya sa FBS 2% a ciki, yana ɗan kare sel ɗin. A ranar za ka haɗa shi, ba a kwana da shi. Su kuma inzayim ɗin na ajiya ka rarraba su ƙanana-ƙanana a firiza mai -20, ka ɗauko ɗaya ka narkar ka yi amfani da shi, kar ka riƙa narkarwa kana mayarwa don ƙarfinsu raguwa yake. In wutarku ba ta tsayawa ka sa su can ƙuryar firiza tsakanin robobin ƙanƙara ba a bakin ƙofa ba. DNase kuma ba a jijjiga shi a botes, wato injin girgiza bututu, juya bututun kawai a hankali.

Ruwan wanki: PBS da FBS 2% da EDTA 2 mM, a ajiye a ƙanƙara.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Kolajenes ba ya aiki sai da kalsiyam, DNase ma yana son magniziyam da kalsiyam, shi kuma EDTA aikinsa kenan ya kame su. Saboda haka ruwan wanki da ruwan narkarwa kishiyoyi ne, kar su haɗu sai lokacin da kake so narkarwar ta tsaya. Ni a farkon koyona na taɓa haɗa kolajenes a cikin ruwan wanki saboda shi ne a kusa da ni, na zauna minti 45 ina jiran nama ya narke yana nan kamar yadda na sa shi, har na fara zargin inzayim ɗin ya lalace a hanya, ashe ni ne na kashe shi da hannuna. RPMI yana da kalsiyam daidai gwargwado, in babu shi ka yi amfani da ruwan gishiri na HBSS amma ka duba kwalbar ka tabbata mai kalsiyam da magniziyam ne, don akwai marar su kuma kwalaben kama suke da juna.

2. Ciro naman

Kashe ɓeran a yi shi ta hanyar da kwamiti ya amince, kuma wanda ya iya ya nuna maka da hannu, wannan ba a koyonsa a rubuce. Bayan nan ka fesa masa etanol ya jiƙe gashin don kar ya riƙa tashi yana shiga ko'ina.

In kaluluwa da saifa duk kake so, fara da kaluluwa kafin ka buɗe ciki. Ka yanka fata kawai daga mara zuwa wuya ka ɓare ta gefe da gefe ka kafe da allura. Ta matsematsi ita ce mafi sauƙin gani, tana jikin fatar cikin kitse daidai inda jijiyoyin jini suka haɗu suka yi rassa. Sai ta hammata da ta damtse, da na wuya. Na hanji kuwa a jere suke kamar carbi, sai ka buɗe ciki ka ɗaga hanjin za ka gan su. Sabon hannu yakan ɗebo kitse ya ce kaluluwa ce, dabarar ita ce ka jefa ta cikin ruwan RPMI, kaluluwa nutsewa take kitse kuma ya taso sama. Ita ma ta fi kitse ɗan tauri da duhu kaɗan. Ka share kitsen da ke jikinta iya iyawarka don kitse yana rage maka sel kuma yana toshe rariya.

Saifa tana gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, doguwa ja mai duhu, ba ta ɓuya. Ka ɗaga ta da hantsaki a hankali ka yanke abin da ya riƙe ta. Duk abin da ka ciro ya tafi kai tsaye cikin RPMI mai sanyi a kan ƙanƙara, kar ya sha iska ko na minti ɗaya.

3. Yayyanka

Zuba ml 2 na ruwan narkarwa a rami ɗaya na faranti ka sa saifar. Ni nakan ɗebi kamar rabin ml da sirinjin ml 1 in yi wa saifar allura a wuri biyu ko uku, za ka ga ta kumbura ta yi haske jan ruwa yana fita, wannan yana kai inzayim ɗin har ciki. Daga nan sai almakashi, ka yi ta datsawa har gutsattsarin su koma kamar milimita 1, ba su kai ƙwayar gero ba. In ka bar manyan yanka, waje zai narke ya wuce misali ciki kuma bai ma ji ɗumi ba.

Kaluluwa ta yi ƙanƙanta da almakashi, allura biyu za ka riƙe ka ɓarke fatar da ta lulluɓe ta, za ka ga wani farin gajimare ya fito cikin ruwan, limfosayit ne. Ml 1 ya ishi kaluluwar ɓera ɗaya gaba ɗaya.

4. Narkarwa a ɗumi

Ka sa farantin a 37 na minti 25 zuwa 30. In akwai injin girgizawa a cikin inkubeta to madalla, a hankali dai. In babu, duk bayan minti 10 ka fito da shi ka ja ruwan sama da ƙasa da fifet na ml 1 kamar sau goma, ka ɗan datse bakin robar fifet ɗin da almakashi don ramin ya yi faɗi gutsattsarin su wuce ba tare da an matse sel ba. Kar ka yi kumfa, kumfa tana kashe sel.

In inkubeta ba ta nan ko wuta ta ɗauke, ka juye komai a bututun ml 15 ka tsoma shi a babban kofi na ruwan ɗumi da tamomita a ciki, kana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan yana tsayawa tsakanin 36 da 37. Na yi haka ba sau ɗaya ba kuma ya fito lafiya. Gara ya ɗan yi ƙasa ka ƙara minti biyar da ya haura 40.

Maganar lokaci ita ce duk rigimar aikin nan. Mutum sai ya ga kamar in minti 30 ya ba da sel da yawa to awa ɗaya zai ninka, ba haka ba ne, abin da zai ƙaru matattu ne, sannan alamomin bayan sel da kake so antibodi ya kama su fara guntulewa, ka je injin ka ga wani rukuni ya ɓace ka ɗauka wani sabon abu ka gano. Kolajenes ɗin da ake sayarwa ba tsantsa ba ne, akwai wasu inzayim masu cin furotin a cakuɗe da shi, kuma yawansu yana bambanta daga wannan kwalba zuwa waccan. Shi ya sa duk sanda aka sayo sabuwa nakan raba saifa ɗaya biyu, rabi in murje kawai rabi in narkar, in yi musu rini iri ɗaya in kwatanta. In wata alamar bayan sel kamar CD4 ko CD8 ko CD62L ta dusashe a ɓangaren da aka narkar, to sai in rage lokaci ko ƙarfi. Inzayim ɗin tiripsin kuwa kar ma ka kawo shi kusa in alamomin bayan sel kake son dubawa. Inzayim ɗin disfes shi ma yana cin wasu alamomin, ana sa shi ne in ana neman sel ɗin da suke gina kaluluwa irin su faiburobulas da na bangon jijiya, kuma a nan ba a barin shi a dogon zama ɗaya, narkarwa ake ta gajeren zango, a kwashe ruwan sama zuwa ƙanƙara a zuba sabon inzayim a kan ragowar, a yi ta haka har naman ya ƙare.

Alamar ya yi ita ce ruwan ya yi gurɓi sosai, gutsattsarin sun yi laushi sun koɗe, saura farin zare-zare.

In aikinka na duba RNA na kowane sel ne, ka sani zaman 37 ɗin nan kansa yana tayar da wasu ƙwayoyin halittar gado (jin) na firgici irin su Fos da Jun, sai su fito a sakamakonka kamar gaske. Masu wannan aikin sukan gajarta lokacin sosai ko su koma inzayim mai aiki a sanyi.

5. Tsayar da inzayim

Minti biyar kafin ka gama ka zuba EDTA ya kai 10 mM, wato maikurolita 40 na 0.5 M a cikin ml 2. Amfaninsa biyu ne, yana kashe kolajenes, kuma yana raba sel ɗin dendiritik da sel ɗin T da suke rungume da juna. Daga nan komai ya koma ƙanƙara, kuma daga yanzu har ƙarshe sanyi ne, in ban da wurin ACK.

6. Tacewa

Ɗora rariyar maikuron 70 a bakin bututun ml 50, ka fara jiƙa ta da ml 2 na ruwan wanki, busasshiyar rariya riƙe ruwa take ya taru a sama ya malalo ta gefe. Zuba narkakken naman, ka zare abin turawa na sirinjin ml 5 ka murza ragowar da shi a hankali kana zagayawa, ba daka kake ba. Ka ɗauraye ramin farantin da ruwan wanki ka zuba a rariyar, ka ƙara wanke rariyar da kamar ml 10. Ɗigon da yake maƙalewa a ƙarƙashin rariya cike yake da sel, ka tsotse shi da fifet ka mayar ciki. Abin da zai rage a sama farin kitse da zare ne kawai, in har yanzu da ja to ba ka gama murzawa ba.

In rariya ta ƙare, yankin ƙyallen nailan mai ramin 70 ko 100 da aka dafa a otokilef, wato tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, yana yi. In shi ma babu, ka murje tsakanin gilasan maikuroskop biyu ta gefen nan mai kaushi da ake rubutu a kai, ka bar bututun ya tsaya minti biyu manyan tarkace su kwanta, ka kwashe na sama.

7. Santirifuj

Ƙarfin 300 zuwa 400 g, minti 5, a digiri 4. Ka lura g na ce, wato ƙarfin juyi, ba rpm ba, wato yawan juyi a minti, lambobin ba ɗaya ba ne kuma ya danganta da faɗin injinku, in injin rpm kawai yake nunawa ka nemi takardarsa ka lissafa sau ɗaya ka manna a jikinsa. In ba mai sanyi ba ne ba komai, minti biyar ba zai kashe su ba, ka dai mayar da su ƙanƙara da zarar ya tsaya. Zubar da ruwan sama a juyi ɗaya, kar ka karkata ka dawo ka sake karkatawa, nan ne dunƙulen yake sulalewa ya bi ruwa.

Kafin ka zuba komai a kai ka ɗan ƙwanƙwasa gindin bututun da yatsa har dunƙulen ya warware a ɗan ruwan da ya rage. Kullum haka, bayan kowane juyi.

8. Fasa jan jini

Saifa ce kawai take buƙatar wannan, kaluluwa da taimus ba su da jan jini sosai sai ka tsallake. Zuba ml 1 zuwa 2 na ACK a kowace saifa, ba mai sanyi ba, ka gauraya, ka duba agogo minti 2. Kar ka tafi ko'ina, kar ka ɗaga waya. Na taɓa barin shi kusan minti 10 saboda an kira ni waje, da na dawo abin da na samu yauƙi ne da gawarwaki. Da lokaci ya cika ka cika bututun da ruwan wanki mai sanyi ml 10 ko fiye, ka sake juyawa. Dunƙulen ya kamata ya fito fari ko ruwan madara. In da sauran ja kaɗan ka ƙyale shi ko ka maimaita na minti 1, sau ɗaya tak.

ACK ba sai ka saya ba. A lita ɗaya ta tataccen ruwan lab ka narkar da amoniyam kulorayid giram 8.3, fotasiyam baikabonet giram 1, da EDTA miligiram 37, ka daidaita pH tsakanin 7.2 da 7.4, ka tace da matacin maikuron 0.22 ka sa a firji.

Bayan ACK kusan kullum za ka ga wani farin dunƙule mai yauƙi yana yawo. Matattun sel ne da DNA. Kar ka yi ta faman fasa shi, sake tacewa kawai ta sabuwar rariya. In yauƙin ya yi yawa ka wanke sel ɗin a RPMI marar EDTA ka ɗiga DNase kaɗan na minti 5.

9. Ƙirga

Mayar da sel ɗin cikin ml 10 daidai na ruwan wanki, ka gauraya sosai don saurin kwanciya suke, ka ɗebi maikurolita 10 ka haɗa da 90 na tiripan bulu, wato ka sirka sau 10 kenan. Ɗiga 10 a himosaitomita. Masu rai za su yi haske suna ƙyalli, matattu sun sha shuɗi. Ka ƙirga manyan murabba'ai huɗu na kusurwa ka raba da huɗu, ka ninka da 10 na sirkin, ka ninka da 10,000, shi ne adadin da ke cikin ml ɗaya. Misali in ka samu 80, to miliyan 8 ne a ml, miliyan 80 a bututun duka. Ka ƙirga cikin minti biyar da haɗawa, in suka daɗe a tiripan masu ran ma shuɗi za su yi. Jan jinin da ya tsira ƙanana ne kuma ba su da tsakiya, kar ka sa su a lissafi.

Saifar lafiyayyen baligin ɓera takan ba da wajen miliyan 50 zuwa 100, kaluluwa ɗaya kuwa 'yan miliyoyi kaɗan. Masu rai su kai 90 cikin 100. In ka ga sun faɗo ƙasa da 80, ka koma baya ka duba abu uku, ko naman ya daɗe kafin ka fara, ko narkarwa ta wuce lokaci, ko ACK.

In tonsil ne na mutum

Tsarin ɗaya ne amma da bambanci. Komai a cikin hud za ka yi, wato akwatin aiki mai tace iska, ka ɗauke shi a matsayin mai ɗauke da cutar hanta ko HIV ko da an ce maka lafiya lau, kuma ka tabbata ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B. Tonsil daga baki ya fito, cike yake da bakteriya da fungas, saboda haka ruwan ɗaukowa da na wanki duk a sa musu fenisilin da sitireftomaisin, wasu suna ƙara jentamaisin da amfoterisin. Ka yanke wuraren da wutar tiyata ta ƙona da gudajin jini ka zubar. Da yake ya fi saifar ɓera girma da tauri, ka raba shi a bututu da yawa, narkarwar ma takan kai minti 30 zuwa 45. Maimakon ACK an fi ɗora shi a kan Ficoll, ruwan da ke raba sel bisa nauyinsu, a juya a 400 g na minti 30 a ɗumin ɗaki ba tare da birki ba, a kwashi farin layin da ya tsaya a tsakiya, wannan yana raba ka da jan jini da matattu a lokaci guda.

10. Abin da za ka yi da su

In rini za ka yi don fulo-saitometiri, ka bar su a ruwan wanki a ƙanƙara, ka fara da toshe Fc, wato wuraren jikin sel da ke kama gindin kowane antibodi, a ɓera antibodin CD16/32 ne, in ba haka ba makurofaj da sel ɗin B za su kama antibodinka barkatai. Ka kuma sa rinin da ke nuna matattu. In rainon su za ka yi, wanke su sau biyu a RPMI mai FBS 10% don EDTA ya fita. In daskarewa ne, FBS kashi 90 da DMSO kashi 10, sinadarin da ke kare sel daga illar daskarewa, kamar sel miliyan 10 zuwa 20 a kowace ƙaramar kwalba, ka sa a akwatin da ke saukar da sanyi a hankali cikin firiza mai -80, washegari ka mayar da su ruwan naitirojin. In babu akwatin ka naɗe kwalaben da auduga mai kauri ka cusa a kwalin sitairofom, yana yi.

Makurofaj da sel ɗin dendiritik suna son liƙewa a roba in sun ji ɗumi, saboda haka in za su jira ka fiye da rabin awa, a bututun folifurofilin za su jira, a rufe, cikin ƙanƙara, ba a faranti a kan benci ba.